Rabon Fayil a Shagon Baffa

Kwamfuta ɗaya ce ƙatuwa a shagon Baffa da ke Bebeji, inda ɗalibai ke gwajin jarrabawa, amma an raba cikinta gida huɗu, kowane gida na aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta. Baffa ya raɗa musu suna: Bebeji, Kiru, Tudun Wada, Doguwa. Kowane ɗalibi gidan garinsu yake shiga.

Hajara, 'yar ƙaninsa, ita ke kula da injin, kuma kwana uku ke nan ranta a ɓace. Kowane gida yana da fayil a kan diski, inda yake jibge aiki idan memori ya cika, kamar yadda ake kai buhuna zaure in ɗaki ya ƙi ɗauka. Baffa ya sa an yanka wa kowanne giga huɗu cif, diskin kuwa ba ya ɗaukar ƙari. To, 'yan Bebeji su ashirin ne, 'yan Doguwa uku. Da an fara gwaji sai gidan Bebeji ya sandare, amsoshin yara su bi iska.

"Baffa, mako guda na yi ina aunawa," in ji ta ranar Asabar da safe, ɗalibai na jira a waje. "Bebeji takwas take buƙata. Doguwa ko ɗaya ba ta cinyewa."

"Ke, Hajara! Shekara ashirin ina raba wa manoma taki, ba wanda ya taɓa cewa na tauye shi. Yanzu so kike a ji a Doguwa cewa na rage musu na ƙara wa garinmu? Kika taɓa, a bakin aikinki."

Allah sarki Baffa, mutumin kirki ne, amma in ya kafe ko tarakta ba ta jan sa.

Hajara ta leƙa ta taga. Ga Zahra'u can, wata ɗaliba 'yar Bebeji, wadda sau biyu amsoshinta suna ɓacewa har ta fara cewa ita ce ba ta da kai. Zuciya ta ciyo Hajara. Ta ja kujera, a gaban idonsa ta ba Bebeji takwas, Kiru huɗu, Tudun Wada uku, Doguwa ɗaya, ta kashe ta kunna.

"Mayar da shi!"

"Wallahi Baffa, ba zan mayar ba. Ka yi haƙuri."

Ta buɗe ƙofa yara suka shigo. Awa biyu ana gwaji, ko gida ɗaya bai sandare ba. Baffa ya gani sarai, amma ya riga ya furta. Ya miƙo hannu.

"Makulli."

Hajara tana son aikin nan. Duk da haka ta tsaya ƙyam.

"Saura mutum ɗaya, Baffa."

Sai da Zahra'u ta tura amsarta ta ƙarshe, ta ga makinta ta rufe baki da mayafi don murna, sannan Hajara ta durƙusa ta ajiye masa makullin da hannu biyu, ta fita.