Sharhin Baƙin Takobi da Uwar Hayaƙi

Mai gyaran agogo ya ture gwangwanin ƙananan kusoshi gefe, ya shimfiɗa takardunsa a kan teburin shago. Shi ke rubuta sharhin littattafan zane a wata mujallar mako-mako, edita kuma na jiran na wannan makon kafin la'asar. Littafin na gida ne, shi ya sa ya aika a kira masa ƙaninsa ya ji kafin kowa.

Ƙanin nasa, Auta, shi ke zana labarin Baƙin Takobi, jarumin da ya rantse ba zai sari wanda ba ya riƙe da makami ba. Ƙanin matar mai gyaran agogon kuma, Dogo, shi ke zana Uwar Hayaƙi, matsafiyar da ko wuƙar yanka albasa ba ta riƙewa, da hayaƙi take shaƙe mutane. Masu karatu sun daɗe suna gardamar wa zai kayar da wa, har su biyun suka yarda su haɗa su a littafi ɗaya: Auta ya zana shafi, Dogo ya zana na gaba.

Tun da Auta ya fara zane, yayansa bai taɓa yaba masa a mujalla ba. Yau akwai yabo a takardar, kuma an sha wuya kafin a rubuta shi.

Auta ya zauna a benci ya rungume jakarsa. Yayan ya fara da laifuffuka, suna da yawa. Dokin jarumin fari ne a hannun Auta, ja a hannun Dogo. Duk raunin da ɗaya ya ji wa gwanin ɗaya, a shafi na gaba sai ka tarar ya warke ko tabo babu. An ƙona wa Baƙin Takobi gemu, aka juya shafi ya fito da gemu har ƙirji. Auta ya ce ai gemun sihiri ne. Yayan ya dube shi ta saman tabarau, ya ci gaba da karatu.

Sannan ya zo kan shafin ƙarshe, ya rage murya. Jarumin ya ritsa matsafiyar a bakin rijiya, hannunta wayam. In ya sare ta ya karya rantsuwa, in ya ƙyale ta za ta hallaka shi da mutanen garin da ke bayansa. Sai ya aje takobi, hayaƙi ya rufe shi. Sharhin ya ce mai karatu zai kwana yana tambayar kansa ko mutum na da ikon ya sayi tsarkin rantsuwarsa da rayukan wasu, kuma mai zanen da ya yarda gwaninsa ya mutu a kan wannan tambaya ya girma.

"Wace mutuwa, Yaya?"

Auta ya fizgi littafin daga kan tebur, ya buɗe ƙarshe, ya daɗe yana kallo. Ya zuge jakarsa ya ciro nasa. Bango ɗaya, suna ɗaya. A shafin ƙarshen nasa, kan Uwar Hayaƙi ne ke gangarawa cikin rijiya, jarumin na share takobi da gefen riga.

Da ƙyar Auta ya faɗi yadda aka yi. Shi da Dogo sun kasa shiryawa a kan ƙarshen, sai Auta ya zana nasa ya kai maɗaba'a a ɓoye, ya ce shi ne wanda aka amince da shi. Bai san Dogo ma ya yi haka ba. Yayan ya kira mai maɗaba'a, mutumin ya ce ya riga ya buga rabi da shafin Auta lokacin da Dogo ya zo da nasa yana cewa gyara ne, shi kuwa ba alƙali ba ne, ya buga ragowar da sabon.

Yayan bai gama aje wayar ba ta sake yin ƙara. Dogo ne, yana dariya tun kafin gaisuwa.

"Mijin Yaya, ka ga gawar? A ina za mu zauna karɓar gaisuwa?"

Ya kashe wayar ya kife ta. Wato tambayar da ta hana shi cin abinci jiya, Dogo bai ma san ya yi ta ba, so yake kawai ya ga takobi a ƙasa. Shi kuwa ya zauna yana haƙo hikima a inda yara biyu suka yi rowar nasara.

Auta ya matso da bencin. Ya ce a bar sharhin yadda yake. Ai littafin da Yaya ya karanta akwai shi a kasuwa, ba ƙarya aka yi ba, sunansa kuma na kan bangon.

Yayan ya ɗauki wani agogo ya aje. Gaskiya ne, kowane layi daidai yake a kan littafin, a kan Auta ne kawai ba daidai ba. Ya ce akwai hanya ɗaya: Auta ya je maɗaba'a ya janye nasa rabin, ya karɓi wancan ƙarshen a matsayin nasa. In ya yi haka yabon ya zama halalinsa, ba za a taɓa ko wasali ba.

Auta ya dubi shafin da jarumin ke kwance cikin hayaƙi.

"Ba zan kashe shi ba, Yaya. Tun ina makaranta nake zana shi."

"To ni ma ba zan ce ka kashe shi ba."

Ya ja biro ya soke sakin layin yabon tun daga sama har ƙasa. A gefe ya rubuta cewa littafin na da ƙarshe biyu, mai saye ya duba shafin baya kafin ya biya, in yana da wanda yake so ya mutu. Auta ya tsaya ya karanta ta saman kafaɗarsa, ya rataya jaka, ya ce zai gaya wa Inna. Yayan ya ce ya gaishe ta, ya ninke takardun, ya fara neman makullin shago.