Ɓarawon Ashana a Gidanmu

Wata uku bayan gobarar gidan burodi, ashana ta fara ɓacewa a gidanmu na haya. Ɗaki bakwai ne, babu wanda bai koka ba. Ni na zargi matar direba, har na gaya wa mutum huɗu. Allah ya yafe mini, ko da yake tana da wasu laifuffukan.

Ran nan da hantsi ina leƙe ta taga, sai ga 'Yar Baba, ɗiyar maƙwabcinmu Mai Burodi da ke aiki a gidan burodin, 'yar shekara bakwai, tsugune a bayan tankin ruwa. Kwalin ashanata ne a hannunta, tana zare tsinke ɗaya-ɗaya tana tsomawa a bokiti.

Na ce, "Ke 'yar nema, me ashanata ta tare miki?"

Ta ce, "Kaka, in aka ƙyasta, Baba tashi yake yi. Sai ya shiga bayi yana ta haki. Kar ki gaya masa na sani."

Ranar gobarar ita ta kai masa abincin rana. Tukunyar gas ta fashe, ya fito da yarinyar a kafaɗa, ya koma don abokin aikinsa, bai same shi da rai ba. Tun daga ranar uwar ta kafa doka, kada wanda ya ambaci wuta a gaban yarinya. Shi kuma kullum sai ya sa farar rigar aiki ya fita, don 'yar ta ɗauka komai lafiya, alhali a tashar mota yake wuni. An gyara gidan burodin, mai wurin ya ce zai jira shi zuwa ƙarshen wata. In bai iya kunna tanda ba, wani zai ɗauka.

An ce kar in faɗa. To, ni magana ba ta taɓa kwana a cikina ba. Da yamma ya shigo, na tare shi a tsakar gida.

"Ɗan nan, zo. Kai kana ɓoye wa 'yarka, ita tana ɓoye maka, mu kuma muna shan shayi da sanyi." Na kwashe komai na gaya masa.

Matarsa ta fito da ludayi a hannu. "Haba Inna! Wannan baki naki!"

"Shi na gada, 'yar nan."

Shi dai zama ya yi a ƙasa, ƙaton mutum, hawaye har gemu. Ya jawo yarinyar ya ce, "Uwata, tsoro nake ji."

Ta ce, "Ni ma, Baba. Kullum sai na yi mafarkinta."

Nas ɗin da ke ɗaki na uku ta kai su asibiti wajen wata likita da aikinta sauraren mutane. Na ce ashe ana biyan mutum don wannan, ni shekara sittin ina yi kyauta. Likitar ta ce su bi abin sannu-sannu, in tsoro ya taso su ja numfashi a hankali. Mai Burodi ya ce shi bai iya numfashin zaune ba, sai dai na kwaɓi. Ya kawo fulawa ya koya wa 'yar: in ka tura ƙullu ka saki numfashi, in ka naɗe ka ja. Tura, naɗe. Tura, naɗe.

Kwana uku kwalin ashana kawai yake riƙewa. Ran na huɗu ya ƙyasta, ya yar, ya yi amai. Suka koma kan kwaɓi. Wata rana ita ce ke kuka shi yana ƙirga mata numfashi, wata rana ita ke ƙirga masa. A mako na biyu ya kunna kyandir, a na uku ya kunna rishona, har ya tsaya ruwa ya tafasa.

Ranar ƙarshen wata ba wanda ya gayyace ni, amma na yafa mayafi na bi su. Mai wurin na tsaye da wani sabon ma'aikaci a gefe. Mai Burodi ya durƙusa gaban tanda, gumi ya jiƙa masa riga. Tsinken farko ya karye. Na biyu ya mutu. Mai wurin ya dubi agogo.

'Yar Baba ta dafa bayan ubanta. "Baba, tura." Ya saki numfashi. "Naɗe."

Ya murɗa gas, ya ƙyasta na uku. Wuta ta kama, fuu, layi guda. Bai ja da baya ba, ita ma ba ta rufe ido ba.

Ta ce, "Lah, Baba, ashe shuɗiya ce!"

Ya fashe da dariya har yana tari. Mai wurin ya ce, "To, ai sai a ɗora, mutane na jira."

Ni ban tsaya burodin ya gasu ba. Na tattare zani na yi gida, don irin wannan labari da zafinsa ake rabawa.