Fitilun Garin Maigida

Maigidana yana da gari guda a ɗakin baya, a kan wani tsohon ƙyaure da ya kwantar bisa tebur. Tun da ya bar gyaran agogo yake gina shi da kwali da tsinken ashana: tasha, gada, layin shaguna, da ɗan jirgin ƙasa da bai wuce kamu biyu ba yana kewaye su. Jirgin da nasa abin ba da wuta. Fitilun gidajen kuwa wani ɗan taransifoma ne ke riƙe da su, yana ƙarƙashin tebur, girmansa kamar sabulun wanki.

Da la'asar yakan ja labule ya kunna. Ni da na sha yi masa tsiya cewa tsofai-tsofai da shi ya koma wasan yara, sai in tsinci kaina a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, na manta abin da ya kawo ni. Tagogin nan su yi jawur, jirgin ya shige bayan tudu a hankali, haskensa ya ɓace, can ya sake ɓullowa. Yakan ce a wancan benen muke zaune ni da shi, wai yanzun nan na ɗora ruwan shayi. Wani lokacin har sai in ji kamar butar na tafasa.

Sai ya fara mita. Wai fitilun sun dushe, gidaje sun yi wa taransifoman yawa. Na duba, suna nan tar kamar kullum. Na buɗi baki zan faɗa, sai na ga yana laluben almakashin da ke gabansa, na haɗiye maganata. Likita ya riga ya gaya mana cewa idanunsa makanta suka nufa, amma maigida ya baro zancen a asibiti kamar wanda ya manta lema. Tsoro ya kama ni sosai, don ban san abin da zai riƙa tashinsa da safe ba in garin nan ya yi masa duhu.

Ranar da ya matsa, na raka shi shagon kayan wuta, wani lungu mai warin dalma, wayoyi na reto daga rufi. Ya ce a ba shi taransifoman da ya fi kowanne ƙarfi. Mai shagon ya gwada tsohon da muka kawo, ya ce lafiyarsa lau. Ya yi bayani cewa babba ba ya ƙara haske, sai dai ya ɗauki fitilu da yawa, in kuma aka ƙara musu wuta fiye da ƙima ƙonewa za su yi. Maigida ya ce shi da ya tsufa cikin ƙananan ƙarafa ba za a koya masa ba. Don ya gamsar da shi, mai shagon ya jona wa taransifoman namu ɗan ƙwan fitila a kan kantar shagon. Ya kama, har yana haska fuskokinmu.

Maigida ya daɗe yana kallon wajen, kaɗan ya kauce daga inda ƙwan yake.

"Ya kama ne?" ya tambaye ni a hankali.

Na ce, "Ya kama, maigida."

Can sai maigida ya karkata kai, ya ce mene ne ke gurnani haka. Mai shagon ya ce wani tsohon taransifoma ne mai nauyin tsiya da yake gwajin kaya da shi. Wutarsa daidai take da ta namu, amma ba mai sonsa saboda ƙarar. Maigida ya bi sautin da hannu har ya dafa ƙarfen, ya bar tafinsa a kai, yana sauraro kamar yadda yakan kara agogo a kunne.

"Wannan zan ɗauka," ya ce. "In na ji shi, na san akwai wuta a gari."

Mai shagon ya naɗe shi ba tare da ya ɗago ya dube mu ba. Maigida ya rungume kayansa da hannu ɗaya. Da muka iso bakin titi sai ya tsaya, ya miƙo mini ɗayan, abin da bai taɓa yarda ya yi ba, ya ce in gaya masa idan motoci sun wuce.