Injiniya da Fankarsa

Injiniya mutum ne da ba ya iya ganin abu yana aiki lafiya ya ƙyale shi. Zanen gidaje yake yi wa magina daga falonsa, a kan wani tebur da ya matse tsakanin firij da taga. Duk wanda ya yi kuskuren tambayarsa wace irin laftof ce wannan, to ya nemi wurin zama. Zai ba shi labarin yadda ya goge manhajar da ta zo da ita ya sa Linux, wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya gyara abin da bai yi masa ba. "A nan ni ne mai gida," in ji shi, yana shafa murfin. Matarsa ta ji wannan huɗuba har ta haddace ta.

Laftof ɗin tana da hali ɗaya. Da zarar ya ɗora mata zane mai nauyi, cikinta ya ɗau zafi, sai fankarta ta tashi da gurnani kamar injin markaɗe. Babu wanda abin ya dama. Gimbiya ma, jaririyarsu ta fari, a ɗan gadonta kusa da teburin ake kwantar da ita da rana, ta yi ta sharar barci, uwar ta samu ta huta.

Sai surukarsa ta zo ganin jika. Ba ta gama ajiye jaka ba ta tsaya cak.

"Mene ne wannan yake kuka?"

"Fanka ce, Mama," ya ce yana ɗan rusunawa. "Ita ke sanyaya cikin na'urar."

"A kan kunnen jaririya? So kuke ku kurmantar min da ita?"

Maganar ta yi wa Injiniya zafi, amma a can ƙasan ransa har da daɗi. Abin nema ya samu. Ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya sa manhajar da ke karanto zafin kowane lungu na na'urar. Ya nemo fayil ɗin da ke gaya wa fanka lokacin tashi, ya ga tun daga digiri hamsin take fara hayaniya, ya mayar da shi tamanin. Ya rage wa injin gudu don kada ya yi saurin zafi. Ya kwance bayan laftof ɗin ya share ƙura da buroshin haƙorin da ya rantse tsoho ne, matarsa ta rantse nata ne. Ya ɗora ta a kan murafen kwalba don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa.

Ya kunna. Shiru. Ya ba ta zane. Shiru, har kana jin numfashin firij.

"Mama, ku saurara," ya ce, baki har kunne.

"Ban ji komai ba."

"Ai shi ke nan!"

Daga ranar Gimbiya ta daina barcin rana. Ba kukan wasa ba, kuka na gaske, na wadda aka ci wa amana. Aka ba ta nono, aka goya, aka jijjiga, aka zaga da ita falo har tabarma ta gaji. Likita ya duba kunne, ya duba ciki, ya ce lafiyarta ƙalau, wataƙila ma ta fi iyayenta lafiya. Idanun uwar suka faɗa. Rannan Injiniya ya same ta tsaye gaban firij a buɗe, riƙe da takalmin jaririya, ta manta abin da ya kai ta.

Shi kuwa bawan Allah, kullum ƙara neman shiru yake yi. Ya shafa wa ƙofa mai. Ya cire batirin agogon bango. Ya koma tafiya da safa, yana danna madannai a hankali kamar mai taɓa ƙwai. Gidan ya yi tsit, Gimbiya ta ƙara murya.

Mama ta yanke hukunci. "Gidan nan ne bai karɓe ta ba. Zan tafi da su wurina, uwar ta huta, yarinyar ta daidaita."

"Har yaushe, Mama?"

"Har ta daidaita."

Ya san surukarsa. Akwai tukunyar da ta ara tun kafin bikinsu, har yau tana daidaitawa a gidanta. Kuma garin nata tafiyar yini guda ce. Ya dubi matarsa ko za ta ce wani abu, ya ga ta yi barci a zaune da kofi a hannu. Wane baki gare shi da zai ce a'a? Ya ce to, amma zuciyarsa ta karaya. Bai taɓa sanin yana tsoron falon nan ba sai da ya hango shi babu ɗan gadon.

Ranar tafiya aka jera jakunkuna bakin ƙofa, ana jiran mai tasi. Gimbiya tana kafaɗar kakarta tana aikin da ta saba. Injiniya ya rasa inda zai sa kansa, sai ya karɓi wayar matarsa ya kwashe duk bidiyoyin yarinyar zuwa laftof ɗinsa, ya ce zai haɗa su wuri ɗaya ya riƙa kallo. Aikin ya yi nauyi, yana ta jan ƙafa, mai tasi kuwa ya kira ya ce ya kusa. Don haushi Injiniya ya sakar wa injin gudunsa gaba ɗaya.

Lambar zafi ta fara hawa a kusurwar allo. Sittin. Saba'in. Tana taɓa tamanin fankar da aka daɗe ana danne wa baki ta saki gurnani da dukkan ƙarfinta.

Ya kai hannu da sauri zai kashe, matarsa ta riƙe masa wuyan hannu.

Gimbiya ta yi shiru. Ta ja ajiyar zuciya irin ta tsofaffi, ta yi hamma, kanta ya langaɓe a kafaɗar kakarta.

Babu wanda ya motsa. Can zafi ya sauka, fankar ta lafa, Gimbiya ta buɗe ido ɗaya ta fara tattara baki. Nan take Injiniya ya rubuta umarnin da ke sa fanka juyawa babu tsayawa. Gurnani ya dawo, idon ya koma ya rufe.

"Ikon Allah," in ji Mama da raɗa. "Ashe ita ce mai renon." Ta yi ɗan nazari, don ita ba a kayar da ita a zama ɗaya. "To, a sa na'urar a jaka mu tafi da ita."

"Mama, ai aikina duk yana ciki."

"Ka koya wa matarka yadda ake tayar da ita, kai ka nemi wata."

Nan fa Injiniya ya ga ranar da huɗubarsa za ta yi amfani. Ya juyo mata da baƙin allon, ya danna wani umarni da ba shi da haɗi da fanka ko kaɗan, rubutu ya yi ta kwarara kamar tururuwa. Ya yi bayanin digiri, ya yi na fayil, ya ce harafi ɗaya aka kuskure na'urar na iya ƙonewa, ya ƙara da wasu kalmomi da shi kansa bai tabbatar da ma'anarsu ba. Gumi yana tsattsafo masa. Bai taɓa yi wa surukarsa ƙarya ba, kuma ga shi bai iya ba.

Mama ta kalli allon, ta kalle shi, ta kalli 'yarta da ke faman gyara zaman mayafi. A waje mai tasi ya danna hon. Ta kwantar da Gimbiya a gadonta a hankali, ta ja gadon ya ƙara matsawa kusa da tebur, sannan ta ɗauki jakarta ita kaɗai.

"Ku raka ni bakin mota. A'a, kai zauna, kada abin naka ya mutu."

Da matar ta dawo daga rakiya, ta tsaya a bayansa tana kallon yarinyar. Ta sunkuyo daidai kunnensa.

"Baban Gimbiya, ka san da waya ma ana iya naɗar ƙarar nan a tafi da ita ko'ina?"

Ya zuba wa allon ido. "Na sani."

"Mama ma ta sani. A bakin mota ta faɗa min."

Ta cire mayafinta ta rataya a bayan kujerarsa, ta jawo babbar jakar ta fara fito da kayan jaririya.