Katin Ƙarshe na Cleotis Bynum

Da ƙafa Lamonte ya buɗe ƙofar ubansa, bai tsaya ƙwanƙwasawa ba. Ina tsaye a bakin tawa ƙofar, a hawa na biyu, da kwandon wanki a hannu, sai na ji katako ya tsage, sarƙar ƙofar ta yi tsalle ta faɗo kusa da ƙafata.

"Kai, Lamonte, ubanka ne fa a ciki!" na ce. Ko kallona bai yi ba.

Cleotis Bynum, maƙwabcina, yana zaune a kicin yana cin soyayyen kifi da burodin masara. Tsohon direban bas ne a nan Toledo, matarsa ta rasu tuntuni, kuma tun da ya ajiye aiki ba shi da wata hira sai ta katin bashi. Walat ɗinsa ba ya rufuwa saboda yawan katuna. Wannan na shan mai, wannan na cefane, wancan yana tara masa ladan tikitin jirgi, shi da ko filin jirgi bai cika zuwa ba. Ko gaishe shi ka yi sai ya gaya maka yadda makinsa na iya biyan bashi ya hau a wurin bankuna. Nakan tsokane shi in ce da makin nan za a binne shi. Amma a faɗi gaskiya, bai taɓa makara da biya ba, kuma albarkacin wannan suna ne banki ya yarda zai ba Lamonte rancen sayen gida, da sharaɗin uban ya tsaya masa. Renita, matar Lamonte, cikinta ya tsufa. Sun riga sun sallami mai gidan hayarsu, kayansu duk suna cikin kwalaye. Ranar Juma'a za a sa hannu, wannan kuwa Laraba ce.

"Banki sun fasa!" Lamonte ya daka tsawa. Ya sa hannu ya kifar da teburin, faranti ya tarwatse, kifin ya tafi ƙarƙashin firji. "Yau da safe suka sake duba sunanka. Sabbin kati har biyu, Baba! Ba a gabanka matar bankin nan ta ce kada wanda ya buɗe komai sai an sa hannu ba?"

"Don in ƙara maka ƙarfi na yi," in ji tsohon, yana goge mai a jikin wandonsa. "Yawan kati shi ke ɗaga mutum. Tun kana cikin zanen goyo nake wannan harka, yau kai za ka koya mini? Makin zai ɗan sauka, bayan 'yan watanni ya dawo, har ya fi da."

"'Yan watanni! A titi kake so ta haihu?"

Ni na san ɗaya daga cikin katunan. Makon da ya wuce ya nuna mini shi yana washe baki. A kantin kayan ɗaki ya karɓa, don sun ce za su rage masa farashi, ya sayi gadon jariri na katako mai kyau. Ya sa na yi alkawarin yin shiru, wai so yake su gani kawai. Na buɗe baki in faɗa, amma a ɗakin nan babu mai kunnen ji.

Lamonte ya cusa hannu a aljihun ubansa ya fizge walat ɗin har aljihun ya yage, ya zazzage katunan a tafinsa ya watsa masa a fuska. "Ga 'ya'yanka nan! Su ka haifa, ba ni ba!"

Cleotis ya miƙe ya ɗauke shi da mari. Ƙarar marin har cikin haƙorana na ji ta. Lamonte ya tsaya cik, sannan ya dunƙule hannu ya kai wa tsohon naushi a baki. Jini ya tsarto a kan farar singiletinsa. Ya shaƙe masa wuya ya haɗa shi da bango, hoton marigayiya ya faɗo, gilashinsa ya fashe. Suka fito waje suna kokawa. Na maka wa Lamonte kwandon wankina a baya ina ihu, bai ma san ina yi ba.

Tsohon ya ƙwace, ya sunkuya zai ɗauki wani shuɗin kati da ya faɗa a bakin matakala. A nan Lamonte ya hankaɗa shi. Ban ce ya yi niyyar kisa ba, amma da hannu biyu ya tura. Cleotis ya gangara yana bugun kowace matakala, sai da ƙeyarsa ta daki siminti a ƙasa sannan ya tsaya.

Na sauka da gudu, na cusa masa tawul ɗina a ƙarƙashin kai. Nan da nan tawul ɗin ya jiƙe. Lamonte yana sama ya ɗora hannu a ka, yana ta "Baba, tashi! Baba, don Allah tashi!" kamar ƙaramin yaro. A lokacin na tsane shi, kuma na ji tausayinsa.

"Odessa," Cleotis ya kira ni, muryarsa can ƙasa. Shuɗin katin yana hannunsa. "Ki gaya wa sakaran nan kada ya bari a rufe wannan. Shi ne mafi tsufa, shi ke riƙe masa makinsa. Na sa sunansa a ciki tun yana makaranta."

"Yi shiru, tsohon banza," na ce ina kuka. "Kai ko yanzu ma kati?"

Da 'yan sanda suka zo ya ce musu zamewa ya yi. Sau biyu ya faɗa. Amma matar da ke hawan ƙasa ta ɗauki komai a waya, a gabana suka sa wa Lamonte ankwa. Cleotis bai sake magana ba bayan an kai shi asibiti. Ya cika ranar Juma'a da hantsi.

Bayan an binne shi Renita ta koma wurin uwarta. Wata rana da la'asar wata babbar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu, mutum biyu suka hawo da dogon kwali daga kantin kayan ɗaki, suna tsallake inda jinin ya ƙi fita daga simintin duk da wankin da na yi masa.

"Bynum?" ɗayan ya tambaya. "Wa zai karɓa?"

Na karɓa. Suka jingina shi a bango, kusa da ƙofar da aka toshe da fallen katako. A jikin kwalin akwai hoton jariri yana barci, ya dunƙule hannunsa a gefen kunne.