Mai Tabarau Bai Manta Ba

Aka buga ƙofa daga ciki, masinjan kotu ya daka tsawa, kowa ya miƙe. Alƙalai uku suka fito a jere. Ganin na tsakiyar ne ya sa Inna ta damƙe hannun 'yarta har farce ya shiga nama.

"Lauya, duba! Mai Tabarau ne, wallahi shi ne! Yau kam Allah ya yanke mana wahala."

"Inna, a hankali mana, kotu ce."

Ba lauya ba ce, malamar lissafi ce. Amma tun tana sakandare take raka mahaifiyarta kotu da kayan makaranta a jikinta, tana fassara mata abin da alƙalai ke faɗa, har unguwa ta laƙaba mata sunan. Da ba'a aka fara kiran ta haka. Ita kuwa ta riƙa amsawa da ƙarfi, har masu ba'ar suka gaji.

Ta ƙura wa alƙalin ido. Ya yi furfura, wuyansa ya cika, amma tabarau yana nan a ƙarshen hanci kamar zai faɗo.

*

Baba bakanike ne. Wasu samari suka kawo masa mota gyaran birki, suka ce za su dawo da yamma. 'Yan sanda ne suka dawo a madadinsu, wai da motar aka yi fashi. Mai faci, maƙwabcin garejinsa, ya ga samarin da idonsa, ya kuma faɗi hakan a gaban Mai Tabarau, lokacin yana alƙalin babbar kotu. Lauya ba ta manta yadda alƙalin ya leƙo mai gabatar da ƙara ta saman gilashi ba, ya ce, "Tun yaushe gyaran birki ya zama fashi?" A ranar, Inna har guɗa ta so yi a bakin titi.

Aka sa ranar hukunci. Kafin ranar ta zo, aka ƙara wa Mai Tabarau girma zuwa kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya. Sabon alƙali ya ce ba zai yi hukunci da shaidar da kunnensa bai ji ba, sai a faro daga farko. Kafin a sake zuwa kan mai faci, ƙasa ta rufe masa ido. Aka yanke wa Baba ɗaurin rai da rai.

Tun daga nan Lauya take ganin hoton Mai Tabarau a jarida: yau an ba shi lambar yabo, gobe ya zama shugaban alƙalan wani reshe. Shi yana ta hawa, su suna nan a matakalar da ya bar su. Ta gama karatu, ta kori manema biyu da suka ce ta daina zuwa gidan yari saboda surutun mutane. Yanzu kuma yanar ido ta rufe wa Baba ido ɗaya, ta fara cin na biyu. Likita ya ce aiki ake buƙata da gaggawa, masu gidan yari suka ce sai an samu mota.

*

Aka kira ƙarar da suka ɗaukaka. Lauyansu ya miƙe yana gyara rigarsa, amma Mai Tabarau ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana buɗe shafuka, sannan ya cire tabaran ya ajiye.

"Na san wannan shari'a. Ni na fara sauraron ta. Doka ba ta ba ni damar sake zama a kanta ba. An ɗage, sai an haɗa wasu alƙalan."

Inna na murmushi. "Kin ga ya gane mu ko? Me ya ce?"

Lauya ba ta san sa'ad da ta miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, zuwa yaushe?"

Lauyansu ya waiwayo ido waje. "Malama, don Allah zauna, za ki ja mana!"

"In ja mana me? Akwai abin da ya rage a ja?"

Ɗan sandan kotu ya nufo ta. Alƙalin ya tsayar da shi. Ba tabarau, idanunsa ƙanana ne, jajaye, na mutumin da barci bai ishe shi ba.

"'Yata, ko na zauna na sake shi yau, gobe za a rushe hukuncin, ku koma farko."

"Ai a farkon muke, ranka ya daɗe. Ba mu taɓa barin wurin ba."

Ya mai da tabaransa, ya tura fayil ɗin gefe. Masinja ya kira shari'a ta gaba.

*

Ranar ziyara Baba ya fito yana lalube da bango. Ya sa yatsu a ragar ƙarfen da ke tsakaninsu, Lauya ta kama su. Hannun da baƙin mai bai taɓa barin farcensa ba ya yi fes, ya yi laushi. Ta tsani wannan laushin.

"Uwata, ya aka yi? Na ji Innarki shiru, ita da ba ta gajiya da zance."

"Kai dai ka ji da idonka," in ji Inna, tana share nata.

Lauya ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ta shirya wa kukansa, ta shirya wa fushinsa. Sai ya karkata kai.

"Mai Tabarau da kansa? Ya ce ya san shari'ar?"

"Baba, an ɗage fa. Ba su ma sa rana ba."

"Na ji, Uwata. Amma duk shekarun nan, duk mutanen da suka wuce ta gabansa, babban mutum kamar wannan..."

Aka kaɗa ƙararrawa. Gandiroba ya taɓa kafaɗarsa. Baba ya zare yatsunsa daga nata, ya juya yana neman bango da tafin hannu. Tana jin muryarsa har ya shige lungu, yana ce wa gandiroban, "Ka ji ko, ɗana? Bai manta da ni ba."