Fure a Jikin Motar Ja'afar

Malam Hammadu malamin firamare ne a Gwarzo, amma a shekarun nan da fetur ya tashi, kwanon masara ya bi bayansa, albashinsa ko sha biyar ga wata ba ya gani. Shi ya sa in an tashi daga makaranta sai ya ci abin da ya samu a tsaitsaye, ya ɗauki teburinsa ya kafa a gindin dalbejiyar bakin tasha, yana sana'ar sitika. Da can hotuna ne, zaki da mikiya da 'yan matan fim ɗin Indiya, yana sarowa daga Kano yana liƙa wa 'yan acaɓa da masu hayis. Da shari'a ta zo, direbobi da kansu suka riƙa sa farce suna ɓamɓare 'yan matan nan daga gilashi. Kwali guda cike ya rage masa. Yana nan ƙarƙashin gado, ko ɓera bai kula shi ba.

Sai kasuwa ta koma rubutu. Wannan ya ce a sa masa Ikon Allah, wancan ya ce sunan uwarsa. Rubutun kuwa ba bugawa ake yi ba, leda ce mai gam a baya, ana zanawa da biro a bi da reza a yanke harafi ɗaya-ɗaya. To Malam Hammadu da alli aka san hannunsa. In ya kama reza, sai ka ga harafin ya fito kamar akuya ta ɗan taɓa shi.

Mai yankan na gaskiya tana cikin gida, matarsa Zubaidatu. Ita sana'arta ƙunshi, tun tana gidan ubanta a Unguwar Tudu take yanka salatif tana fitar da fure da ganye, ta liƙa a ƙafar amarya ta shafe da lalle. Boko ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, amma in ya zana mata, za ta bi layin nan ba ta kauce ko kamar zare ba. 'Yan tasha suna yaba hannun Malam, shi kuma ya ce alhamdu lillahi. Guntattakin ledar da suka rage dai nata ne, da su take yanka furannin ƙunshi, ta huta da sayen salatif.

Ana haka, gab da faɗuwar damina, Alhaji Baƙo, shugaban direbobin da ke lodi tsakanin Kabo da Gwarzo, ya tsaya a teburin. Ya ce sun yi shawara kowace mota a sa mata sunan ƙungiya da lamba a gefe, a rubuta Maza a gaba, Mata a baya, kowa ya san kujerarsa tun kafin ya hau. Mota talatin da biyu. Amma a fara da ɗaya a gani, ta wani direba Ja'afar.

Ranar Malam Hammadu da ƙyar ya ci tuwo.

"Zubaidatu, talatin da biyu fa! In muka samu wannan, an wuce wurin."

"Da wace ledar, Malam? Wadda ta rage ko acaɓa uku ba za ta yi ba."

Ya dubi gwangwanin da ke kan kabad. Kuɗin taki ne a ciki, na gonarsa ta ƙauyen Jama'a, wanda suka yi wata biyar suna tarawa. Ta gane, ta kuma san abin da gonar nan take ba su in ta ci taki, da abin da take ba su in ba ta ci ba.

"In aikin bai zo ba fa?"

"Zai zo, in Allah Ya yarda."

Washegari ya tafi Kano ya dawo da nadi biyu, kore da fari. Kwana biyu tana yanka, ta ci reza huɗu. Ranar Talata Ja'afar ya kawo motar tana sheƙi, Malam ya jera haruffa, ya bi su da murfin kaset yana dannewa, mutane suka taru suna cewa ma sha Allah.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tasha cike, sai ga Alhaji Baƙo da baƙar leda a hannu. Ya zazzage ta a kan teburin.

"Malam, ga yaranka nan na dawo maka da su. Wasu a Gude aka tsinto, wasu a Kabo. Na ɓangaren Mata kuwa an ce iska ta yi Katsina da su."

'Yan kamasho suka kwashe da dariya. Alhaji ya ce shi bai zo faɗa ba, amma leda ce ta jabu aka sayar wa Malam, ko kuma Malam ya san abin da ya saya. Ranar Juma'a mai zuwa za su zauna, zai kai aikin Kano wurin masu inji.

Malam ya shigo gida ya zauna a tabarma bai cire hula ba. Ya ce mutumin Kanon nan da ya sayar masa da ledar ya cuce shi. Ya ce zai mayar masa da kayansa, alhali ya san wanda ya sayar da nadi aka yanka ba ya karɓa. Zubaidatu ta kawo masa ruwa, ta jawo baƙar ledar ta zaro harafi ɗaya. Da hannunta ta yanke shi, ta gane shi. Bayansa ya yi santsi, ƙura ta manne, gam ɗin kamar an jiƙa. Ta yanki ɗan guntu daga sabon nadin ta liƙa a gindin langarta ta tuwo. Da safe ta sa farce, ta sa wuƙa, da ƙyar ya fita.

"Malam, ledar nan lafiyarta ƙalau."

"To aljanu ne suka cire?"

"Ban sani ba tukuna."

Ranar Lahadi tana da ƙunshin amarya a Gude. Ta zumbula hijabi, ta ɗauki jakarta, ta je tasha da hantsi. Motar da ke layi kuwa ta Ja'afar ce, ga gurbin haruffan nan a jikinta kamar tabon ƙyanda. Ta shiga baya ta zauna jikin taga, kusa da Inna Hajjo mai daddawa, tsohuwar da duk tashar ke tsoron bakinta. Mutane ba su da kuɗin tafiya, mota ta ƙi cika, aka yi ta zama.

Tana zaune sai ta ga Ja'afar ya fito da gwangwanin madara da tsumma. Ya tsoma, ya matse, ya hau goge jikin motar, tun daga ƙofa har baya. Inda ya wuce sai fenti ya ɗauki ƙyalli. Da ya iso ƙarƙashin tagarta warin ya bugi hancinta.

Ta taɓa Inna Hajjo. "Inna, don Allah tambaye shi, mene ne a gwangwanin nan?"

"Kai, mai mota! Me kake shafa mata haka, aure za ka kai ta?"

"Gas ne, Inna. Wurin mai injin niƙa nake samowa. Kullum da safe sai na yi mata, shi ya sa kike ganinta kamar jiya aka sauke ta daga jirgi."

"Jirgin ƙasa dai, na zamanin Turawa."

Zubaidatu ba ta saba magana da maza a tasha ba, amma wannan karon ta kasa haƙuri. Ta ɗan sunkuyar da kai ta ce, "Malam direba, ranar da aka yi mata rubutu ma ka shafa?"

"Ranar ai sau biyu na yi, baiwar Allah. Ya za a yi in kai wa malami mota da datti? Har a bakin tasha na tsaya na ƙara mata."

Sai ta ji dariya na neman ƙwace mata, ta danne baki da hijabi. Shekara nawa tana faɗa da amare a kan wannan! Yarinya za a kawo ta ƙunshi, ƙawaye su zauna su mulke ta da basilin don ta yi kyau, a zo a liƙa fure ya zame, lalle ya shiga ƙarƙashi ya ɓata zane. Duk wadda ta zo mata da maiƙo, sabulu take miƙa mata da buta, ko 'yar hakimi ce.

Ta gaya wa Inna Hajjo a hankali. Inna kuwa ba ta san a hankali ba.

"Jama'a ku ji! Ashe wannan ja'irin ne ya shafe mota da mai, aka zo aka tozarta bawan Allah a gaban mutane! Ga matarsa nan, ita ta gano."

Ja'afar ya miƙe da tsumma a hannu. "Haba Inna, wane irin zance ne wannan? Gas ai bushewa yake. Ledar ce ba ta da kyau, Alhaji ma ya faɗa."

"Alhaji ya taɓa yin ƙunshi?"

Na gaban mota suka juyo suna dariya. Zubaidatu ta buɗe jakarta. Furannin amaryar Gude na ciki, jere a jikin takarda, daga koren nadin nan ta yanka su. Ta zaɓi biyu manya, na tafin ƙafa, ta ba Inna ta miƙa ta taga, sannan ta ce a gaya masa:

"Ya samo omo da ruwa ya wanke wuri ɗaya, kamar faɗin faranti, ya bari ya bushe sarai. Ya liƙa ɗaya a nan, ɗaya a inda ya shafa gas."

"Fure? A motata? Ni da gemuna?"

"In kana da gaskiya ai duka za su faɗi ka huta," in ji wani dattijo daga gaba. "Yi mu gani, ba mu cika ba balle ka ce sauri kake."

Ba yadda ya iya. Mai shayi ya ba shi omo na murtala, ya wanke, rana ta busar, ya liƙa yana ƙunƙuni. Zubaidatu ta ce ya danne da kyau daga tsakiya zuwa gefe. Ya ce to, Hajiya injiniya.

Da suka isa Gude ta sauka ta leƙa. Duka biyun suna nan. Ja'afar ya leƙo ta taga yana washe baki, ya ja motarsa. Amaryar kuma aka yi mata tafin ƙafa da ƙananan furanni, uwarta tana ta mita.

Ta dawo ta ba Malam labari. Ya ce shi ma ya ga ƙyallin motar ranar, har yaba wa Ja'afar ya yi. Sannan ya ce, "Amma kin ce duka suna nan."

"Naka ma ai sai da suka kwana."

Litinin shiru. Talata hadari ya haɗu ta gabas, aka yi yayyafi, maƙwabta suka fara fitar da buhunan taki suna ɗaurawa a keke. Zubaidatu tana jin su ta katanga tana tankaɗe. Malam ya je gindin dalbejiya ya dawo da cinikin acaɓa ɗaya.

Ranar Laraba da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Malam ya fita, ita kuma ta matso zaure ta tsaya bayan asabari. Hayis ɗin ce, da Ja'afar, da Alhaji Baƙo yana saukowa yana gyara babbar riga. Aka gaisa, aka tambayi gida da yara da makaranta da ruwan jiya. Sannan Alhaji ya ja Malam gefen motar. Fure ɗaya ne a wurin. Ɗayan sai gurbi.

"Tun Litinin ya faɗi," in ji Ja'afar, yana sosa ƙeya. "Wannan kuwa ya ƙi fita. Na sa farce, na sa makulli. Yanzu daga Kabo har nan ba mai kirana sai Ja'afar amarya."

Alhaji ya sa nasa farcen ya gwada, ya sake gwadawa, ya duba farcen.

"Malam, na yi maka magana a gaban mutane, kuma a gaban mutane zan warware ta ranar Juma'a. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, goma sha biyu na riga na yi wa wani alkawari a Kano. Ashirin naka ne. Rabin kuɗi yanzu, rabi in an gama."

Malam ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya ji tari daga zaure. Ya san tarin. Ya ce Alhaji ya ɗan yi haƙuri, ya shiga.

"Ka gaya masa kowace mota a nan ƙofar gida za a wanke ta, a gabanka, kar ka yarda da wankin kowa. Omo kuma nasu ne, ba namu ba. Mota biyu-biyu za a riƙa kawowa a rana, hannuna ba inji ba ne."

Ya fita ya faɗa, kamar daga kansa ya fito. Alhaji ya saurara, ya dubi asabarin, ya yi murmushi.

"An ji, an kuma yarda. A gaida mai hannun."

Malam ya shigo da kuɗin a cikin hula. Ba za su sayi takin da suka yi niyya duka ba, farashi ya ƙara hawa a 'yan kwanakin nan, amma buhu biyu zai samu, kuma ƙasa ba ta gama jiƙa ba. Zubaidatu ta riga ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, ta warware farin nadin, ta danne gefensa da dutsen guga.

"Ajiye hular nan, Malam, ka zo ka zana. Gobe da hantsi za su kawo biyun farko."